Takabar Namiji

Namiji ba ya takaba. Duk malamin da ka tambaya haka zai gaya maka, ni ma ban taɓa jayayya da su ba. Amma na yi ta, a Yamai, shekarar da kogi ya ƙafe har yara suna ƙetare shi da ƙafa. Mutum ɗaya ce ta gane, yayata, ita ce kuwa wadda na fi tsoron ta gane a duk duniya.

Ita ta rene ni. Babanmu ya rasu a Damagaram ina ƙarami, Inna ta bi shi shekarar da na shiga kwaleji. Yaya ta je ta kwaso ni da ƴar akwatina ta kawo ni gidan mijinta a unguwar Maourey. Mijin ma'aikacin gwamnati ne, mutum mai sanyin hali, in ya dawo daga biro, wajen aikinsa, sai rediyo da tasbaha. Yaya kuwa wuta ce. In ta shiga kasuwar Petit Marché masu tattasai har gyara zama suke yi, don da ido kawai take gane na jiya a cikin na yau. Ba ni da uwa, ba ni da uba, ba ni da wani ɗaki a ko'ina sai wanda ta ba ni. In ta juya mini baya, shi ke nan, na zama ba ni da kowa.

A jami'a ban yi fice a karatu ba, gaskiya, amma Allah ya ba ni ƙafa. Aka sa ni cikin masu gudun miƙa sanda, mu huɗu. Mai horar da mu wani tsohon soja ne Bazabarme, wanda ke zagin mu da harshe uku, in ɗaya ya ƙare ya ɗauko wani. Ni nake gudun ƙarshe. Wanda ke miƙo mini sandar wani dogo ne daga Adar, ƙasar Tawa, baƙi siriri, mai wushirya. Ban taɓa kiran sa da sunansa ba sai Ba'adare, shi kuma ya ce da ni Badamagare. Ƙa'idar gudun ita ce ba ka waiwaya. Kana jin ya matso sai ka zabura, ka miƙa hannu baya, sanda ta faɗo cikin tafinka. Da sauran nakan yi kuskure. Da shi kuwa ko ihun da ake yi ba na jira, numfashinsa nake ji.

Wata safiya na faɗi a fili na kurje gwiwa. Ya kai ni famfon bayan fili yana wanke mini, yana yi mini tsiya wai mutanen Damagaram ba su san ƙasa ba sai tabarma. Ciwon ya wanku, bai saki ƙafata ba.

Ya ce, "Badamagare, in na hwaɗi maka wata magana, za ka gudu?"

Na ce, "In na gudu ai ka san ba ka iya kama ni."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ina son ka. Irin son da kake tsoro, shi nike nuhi."

Na daɗe da sanin abin da ke cikina, tun ina kwaleji. Na yi azumi a kansa, na yi kuka a sujada, bai tafi ba. Sunayen da gari ke kiran irinmu da su na san su sarai, sunayen zagi ne da na dariya, kuma babu wanda ya yi kama da abin da na ji a bakin famfon nan. Murna na ji. Na ce masa ni ma.

Ɓoyon bai yi mana wuya ba. Zamanin soja ne, kowa ya iya kama bakinsa. A jami'a kowa na zargin na kusa da shi ɗan rahoto ne, in za a yi maganar gwamnati sai an duba taga. Cikin mutane masu ɓoye-ɓoye haka, wa zai kula da namu? Ga shi a Yamai ba abin kallo ba ne maza biyu su riƙe hannu suna tafiya. Haka muke ƙetaro gada da yamma, hannunsa cikin nawa, mu wuce jandarmomi, mu wuce masu raƙuma da itace, har Maourey. Yaya ta so shi ƙwarai. Takan ce, "Wannan dogon ba ya ƙoshi, a gidanku ba a tuƙa tuwo ne?" Sai ta ƙara masa miya.

A shekara ta biyu ya zo mini da maganar wata yarinya mai koyon aikin ungozoma, ƴar mutanen Maradi da ke zaune a unguwar Banifandou. Na ɗauka irin auren rufin asiri yake nufi, na ce to, kowa ma ƙarshensa ke nan. Ya girgiza kai.

"Ba don a ruhe baki ba ne. Ina son ta da gaske."

"To ni kuma fa?"

"Kai ma da gaske. Ban san yadda zan hwaɗi shi ba. Haka Allah ya yi ni, ban yi maka ƙarya ba, ita ma ban so in yi mata."

Ranar a fili sau uku ina barin sanda ta faɗi, da gangan. Tsohon soja ya zage ni da Zabarmanci, ya zage ni da Faransanci, da ya zo kan Hausa sai ya gaji ya zauna. Na ƙudura a raina zan tsani yarinyar. Da na gan ta abin ya fi ba ni haushi, don ba ta da abin tsana. Gajera ce mai yawan dariya, ta kira ni yaya tun ranar farko, ta ce ai ta san ni ne babbar kishiyarta tunda kullum zancena yake yi. Ta faɗa ne da wasa, kowa ya yi dariya, har da ni.

Damina ba ta yi ba a shekarar. Gero ya bushe a tsaye tun bai fitar da kai ba. Mutanen arewa suka fara cika bakin gari da bukkokin tabarma, mata masu kyawun fuska suna yawo gida gida suna neman dussa. A kasuwa ana sayar da saniya kuɗin da bai kai na buhu ba. Jar dawar taimako da ake rabawa ita ta zama abincin kowa, har gidan ma'aikata. Cikin wannan hali aka ɗaura aurensu, ba kiɗa ba taro, ni ne babban abokin ango. Na yi hidima har mutane suna cewa Allah ya ba kowa aboki irina.

Bayan auren bai canza mini ba, ni ne nake ja da baya ina fushi, shi yana lallashi. Ana cikin haka labari ya zo cewa garinsu ya watse, dabbobin babansa sun ƙare. Ya hau kamiyo, babbar motar kaya, ya tafi ɗauko mahaifiyarsa da ƙannensa. Ya dawo da su lafiya, sai dai yana cewa kansa na sara. Washegari wuyansa ya ƙage. Sanƙarau ne. A likita, wato asibiti, matarsa ce a bakin gado, ni ne ɗan aike, a kawo ruwa, a nemo magani. Da hantsi na dawo da allurar da aka aike ni, na tarar an ja masa zane har kai.

Na ɗauki makara, na zuba ƙasa. A zaman makoki mutane sukan dafa ni su ce, "Sai haƙuri, abokinka ya tafi," kafin in amsa sun ce in ƙaro tabarmi. Daga cikin gida ina jin kukan matar, mata sun kewaye ta suna riƙe ta. Ban yi mata baƙin ciki ba, Allah ya sani, kukanta halal ne. Amma na yi kishin kukan. Ni sai na zagaya bayan gida wajen tulin toka, in yi nawa da sauri, in wanke fuska in dawo in zuba wa baƙi shayi.

Ranar da aka ce ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, sai na tuna Inna lokacin rasuwar Baba. Ba turare, ba kwalli, zane ɗaya marar ado, ba fita sai dole, da ƴar wuƙa kullum a kusa da ita. Ban yi shawara da kowa ba. Na ajiye turare, na daina sabulu mai ƙamshi. Na zaɓi wata tsohuwar riga mai ruwan toka, ita kaɗai nake sawa, in wanke ta ranar Juma'a in jira ta bushe. Na bar aski. Daga aji sai gida, ba silima, ba biki, ba hira a bakin titi. Har ƴar wuƙar yankan mangwaro na saka a aljihu, ina jin kunyar kaina amma ban cire ba. Fili kuwa ban sake taka shi ba.

Tsohon soja ya zo har gida, don gasar bazara ta matso. Ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya ce ga wani yaro mai sauri an sa a gurbin marigayi. Na ce a ba wani nawa gurbin ma. Ya dube ni ya ce, "Soja ma ana kashe abokinsa a gabansa ya ci gaba da tafiya." Na ce ni ba soja ba ne. Ya tafi bai sha ruwan da aka kawo masa ba.

Yaya ta fara da tsiya. "Auta, wannan rigar ta zama fatarka ne? Ko in kawo almakashi?" Da ta ga abin ya ƙi ƙarewa sai ta koma karɓo rubutu, ta ce ƙila wani abu ya shafe ni a maƙabarta. Ina sha ina godiya. Sau da yawa nakan ɗaga kai in tarar tana kallo na irin kallon da take yi wa tattasai. Na san ina wasa da wuta. Amma abin nan shi kaɗai ne nawa a cikin mutuwar, na kasa bari.

Ranar fitar takaba Yaya ta soya masar sadaka ta tafi Banifandou tare da mata. Tana fita na nufi wanzamin bakin kasuwa ya kwashe sumar tas. Na dawo na yi wanka da sabulu mai ƙamshi, na sa sabuwar riga, na shafa turare. Wallahi ban yi tunanin za ta haɗa lissafi ba, hankalina ba ya wurin. Ina zaune a tsakar gida bayan azahar ta shigo da kwano a ka. Ta tsaya. Ta dubi kaina, ta dubi rigar, ta ja iska ta hanci. Ta sauke kwanon a hankali.

Ta ce, "Yau aka yi wa yarinyar nan wankan fita."

"Na sani, Yaya."

"Kai kuma wa ya yi maka naka?"

Ta jawo kujera ƴar tsugune ta zauna a gabana, ta rage murya duk da ba kowa a gidan.

"Auta, ka ce mini abota ce. Ka ce mini kun shaƙu ne kamar ƴan uwa, in yarda, in tashi in ɗora tukunya."

Ƙofa ta buɗe mini, kuma na gan ta. Da na bi ta da mun ƙare rayuwarmu lafiya. Amma na gaji. Na binne mutum na dawo ana aike na tabarma, ban iya sake binne shi a bakina ba.

Na ce, "Ba abota ba ce, Yaya. Yadda matarsa ke son shi haka nake son shi. Shi ma haka yake so na. Takaba na yi."

Ta yi salati, ta sake yi. Ta toshe baki da gefen mayafi tana kuka ba sauti. Ban taɓa ganin ta haka ba ko ranar rasuwar Inna. Na jira mari, na jira ta ce in kwashe kayana. Da ta samu numfashi sai ta ce, "Wa ya sani?"

"Ke kaɗai."

"To ni kaɗai zan mutu da shi. Kar in sake jin shi a bakinka." Ta share fuska, ta tashi. Ta kai bakin madafa ta tsaya, ba ta juyo ba, ta ce, "Allah ya jiƙan shi. Yaron kirki ne."

Na zauna ina kuka kamar ƙaramin yaro, ina cewa a raina na tsira, ban rasa ta ba.

Da magariba aka kawo tuwo. Tun zuwana gidan, ni da mijinta a tire ɗaya muke ci, moɗa ɗaya muke sha. Ranar sai ta ajiye nasa a gabansa, ta ajiye mini nawa can gefe a wani sabon kwano, da sabon kofi. A jikin kowanne ta ɗiga jan farce, irin alamar da mata ke yi wa kwanoninsu don kar su cakuɗe da na wasu. Ko gama bushewa bai yi ba.

Mijin ya ce, "Yau kuma lafiya?"

Ta ce, "Lokotoron asibiti ya ce gudu ya taɓa masa ƙirji, a ware masa kwano." Yaya da ba ta ƙarya ko a ciniki. Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ci gaba da cin tuwonsa.

Na buɗe kwanon. A shekarar da nama ya zama sai an yi baƙo, ta saka mini tsoka mafi kyau a tukunyar. Na ci. Da na gama na ɗauki kwanon da kofin na kai mata madafa, na miƙa mata kamar kullum. Ba ta miƙo hannu ba. Ta nuna mini ƙasa da haɓa, nesa da sauran kwanonin.

Ta ce, "Ajiye nan, auta. Ka ƙoshi?"