Abin da Baba Mai Gadi Ya Ɓoye a Hula

Shekara goma sha tara Baba Mai Gadi ya yi a ƙofar ɗakin kwanan ɗalibai maza na jami'a. Aikinsa buɗe ƙofa, rufe ƙofa, da riƙe makullin ɗakin talabijin. Mutum ne siriri, ga tsoro kamar da shi aka yaye shi. Ko ƙadangare ya motsa a bayan kujerarsa sai ya yi salati.

Yana da 'yar rediyo a aljihu, wayar kunnenta ta bi ta cikin riga ta shige ƙarƙashin hular sanyi. Da ita ya gano cewa mai sharhin rediyo yana riga talabijin ɗin da rabin minti, domin hoton sai ya gama yawonsa a intanet yake isowa. Wata Asabar da la'asar ana kallon ƙwallo, ya ce a hankali, "Wannan kam ta shiga." Ta kuwa shiga. Ya sake faɗa, ta sake shiga.

Yaran nan, wasunsu aikin jarida ma suke karantawa, amma ko ɗaya bai ɗaga hular ba. An rubuta "kai tsaye" a kusurwar allo, su kuwa sun fi yarda da allo a kan iyayensu. Suka ce Baba gani yake yi. Aka fara kawo masa shayi, ana ranka ya daɗe. Ya ji daɗi, ya ja bakinsa.

Sai ƙungiyar masu jar riga ta sha kashi sau huɗu a jere, kuma kowace ƙwallo daga bakin Baba aka fara jin ta. Magoya bayanta suka yanke cewa bakinsa ne ke zura musu.

Ranar wasan ƙarshe suka zaunar da shi a bencin gaba, suka turo ƙofa. Shugabansu, wani ƙato da ake kira Katako, ya dafa kafaɗarsa.

"Baba, in aka ci mu yau, ni da kai ne. Takardar korarka ma mun rubuta, kaiwa ofis ya rage."

"Haba ɗana, ni da ko ƙa'idar wasan ban sani ba?"

"Ka san ta raga ai."

Minti tamanin da takwas Baba ya yi gumi na bin bayansa. Can sai rediyo ta fasa ihu a kunnensa: an ci jar riga. A allo kuwa ɗan wasa yanzu yake gyara ƙwallo a kusurwa. Baba ya dubi ƙofa, ta yi nisa. Ya dubi hannun Katako, ya tuna jikoki shida da ke jiran tukunya a gida.

Ya fizge hular, ya zare wayar kunnen. Muryar mai sharhi ta cika ɗakin tana kiran sunan wanda ya ci.

Idanu duka suka koma kan allo. Suna kallo ɗan wasan ya ja baya, ya buga, wanda aka riga aka ambata ya sa kai, ta shiga.

Katako ya juyo wajen Baba. "To mu me muke kallo ke nan?"

"Abin da ya wuce, ɗana," in ji Baba.

Nan suka kaure da gardama a junansu, masu karatun jarida na rantsuwa sun taɓa yin wannan darasi a aji biyu. Wani ya ɗauki takardar korar yana fifita da ita. Baba ya sulale waje ya zauna a kujerarsa, bai sake tashi ba sai da aka kira magariba.