Lahadin da Aikande Ba Ta Tashi Ba

Goggo Siaeli yayar babana ce. Ita ce ta fari a ɗakinsu, babana Rumisha kuma auta. Ta rasu bara da damina tana da shekara saba'in da huɗu, aka binne ta cikin gonar ayabar gidan mijinta. Tun ina aji uku a sakandare nake rubuta abin da manyan gidanmu ke faɗa, domin na lura in mutum ya mutu labarinsa kan yi ta ƙanƙancewa har ya koma magana ɗaya. Ta Goggo an yanke ta tun tana da rai: "matar nan mai godiya." Gaskiya ne, sai dai bai isa ba.

Karatunta aji huɗu ne. Ta auri Anankira, wani birkila marar yawan magana, ta haifi biyar, uku suka rayu: mata biyu da suke aure a Arusha, sai namiji ɗaya, Kundaeli. Mijin ya mutu Kundaeli yana shekara tara. Da saniya ɗaya, da ayaba, da 'yan itatuwan kofi ta riƙe gidan. Saniya a wajenmu ba ta fita kiwo, sai dai a yanko a kawo mata, don haka Goggo ta yi shekara arba'in da ɗoriya tana gangarawa kwari da lauje kowace safiya ban da Lahadi, ta hawo da dami a ka. Ba ita kaɗai ba. Maƙwabciyarta Aikande, wadda shinge ɗaya ya raba gidajensu, tare suke sauka, tare suke hawowa. Shekara ɗaya aka kawo su amare. Aikande doguwa ce mai kaifin baki, Goggo gajera mai dariya. Kowa ya san in ka ji muryar ɗaya a kwari, ɗayar na kusa tana ba ta amsa.

A cocinmu, wanda Allah ya yi wa wani alheri yakan ba dattijon unguwa sunansa, a karanta cikin sanarwa, Lahadi ta gaba ya fito gaban bagade da baikon godiya. Ba ya fitowa shi kaɗai. Dangi da maƙwabta kan tashi su raka shi da waƙa, maƙwabcin da ya fi kusa shi ke ɗauke da kayan. Mutane da yawa sai su shekara uku ba su fito ba. Goggo kuwa saniya ta haihu, ta fito. Ƙanƙara ta zuba ta tsallake kofinta, ta fito. An cire mata haƙori lafiya, ta fito da ƙwai shida. Kuma ba ta tafiya a hankali kamar sauran. Rausaya take yi, in an isa gaba ta rangaɗa guɗa har jarirai su farka.

Wata rana Baba ya ce mata, "Yaya, gwiwoyinmu fa sun gaji. Ki riƙa tara su mana, mu yi ta gaba ɗaya a ƙarshen shekara."

Ta ce, "Kai abincinka tarawa kake yi ka ci ranar Kirsimeti? Tashi ka ba ni wuri, auta."

Aikande takan yi mita, ta ce wata rana Siaeli za ta kai su gaban bagade saboda kazarta ta yi atishawa, amma ita ke ɗaukar kwandon kullum.

Kundaeli ya girma ya zama direban a-kori-kura, yana kai wa wani ɗan kasuwa ayaba garin Moshi. Ombeni, ɗan Aikande, shi ke yi masa lodi. Tare suka tashi, rana ɗaya aka yi musu baftisma. Wata safiya cikin watan Afrilu, an kwana ana ruwa, gefen hanya ya zabtare da su a gangare. Kundaeli yana gaba, ƙugunsa ya karye. Ombeni yana baya a kan lodin, motar ta danne shi. Bai kai asibiti ba. Shekararsa ashirin da shida.

Goggo ta yi zaman makoki a gidan Aikande har aka share, ita ke dafa abincin baƙi, sa'annan ta koma asibiti jinya. A can ne, da likita ya ce ba lalle Kundaeli ya sake taka ƙasa ba, ta yi wa Allah alkawari: in ya tashi da ƙafafunsa, za ta fito gaban ikilisiya da ɗan maraƙi. Bayan wata bakwai ya yar da sanda.

Nan ta yi kuskuren da ta faɗa mini da bakinta fiye da sau ɗaya. Ta je ta ba dattijo suna, yadda ta saba, ba ta leƙa shinge ta shaida wa Aikande ba. Ta ce abin bai ko zo mata ba. A ranta godiya ba abin da ake neman izininsa ba ne. Ina cikin coci ranar. Dattijon ya karanta cewa Lahadi mai zuwa iyalin marigayi Anankira za su kawo godiya, domin Ubangiji ya miƙa hannu ya tsamo ɗansu Kundaeli daga hatsari. A wurinmu wannan sanarwa kira ce. Ma'anarta Aikande ta shirya, ita za ta riƙe igiyar maraƙin. Aikande ta ɗauki littafin waƙarta, ta ratsa layin mata, ta fita. Ba ta yi sauri ba.

Litinin Goggo ta sauka kwari ita kaɗai. Talata ma haka.

Baba ya same ta da rana tana ba saniya ruwa. Ya ce, "Yaya, ki janye. Ki kai wa fasto maraƙin ta bayan gida, Allah ya gani ai."

"A ɓoye ya tashe shi?"

"Za ki rasa matar nan. Shekara arba'in fa."

"Na sani."

"To?"

Ta ce, "In na ɓoye, na ce ke nan ran Kundaeli abin kunya ne. Yaron nan tun da ya dawo ba ya iya haɗa ido da kowa, yana ganin shi ya kamata a binne. Ina so ya ji an gode da shi a gaban mutane. Kuma da bakina na yi alkawari."

Ranar Laraba ta tsinki ganyen tsiron da muke kira isale a shinge, ta ƙulla shi, ta zagaya ta ƙofar gaba, ba ta bi ta kafar da suka saba bi ba. Wanda ya zo maka da wannan ganye neman gafara ya zo, kuma ba a mayar da shi. Abin da ya faru a ciki na ji shi daga bakinsu su biyu, a lokuta dabam, kuma bai saɓa ba sai a wuri ɗaya: kowacce ta ce ɗayar ce ta fara kuka.

Aikande tana zaune tana ferayar ayaba, hannunta baƙi ƙirin da ƙaro. Ta dubi ganyen ta ce, "Yau kuma ni ake zo wa ta ƙofar baƙi?"

"Maman Ombeni, na yi laifi. Ya kamata ki ji daga bakina kafin ki ji a coci."

"Ajiye shi nan. Kin san ba ni da ikon ƙi, shi ya sa kika kawo." Ta ci gaba da feraya. Can ta ce, "Siaeli, ke da kika san Allah sosai, gaya mini. Hannun nan da aka ce an miƙa, ya kai kujerar gaba, bayan motar ne ya yi masa nisa?"

Goggo ta ce, "Ban sani ba."

"Ba ki sani ba."

"Ban sani ba, Aikande. Na tambaya a asibiti har na gaji, ba a ba ni amsa ba. Abin da na sani, an ba ni abin da ban fi ki cancanta da shi ba, kuma ba zan iya karɓa in yi shiru ba."

"Da a ce naki ne a baya fa?"

"Da ban san me zan yi ba. Wataƙila da na fita kamar yadda kika fita."

Aikande ta jefa ayaba cikin ruwa. Ta ce, "Na yafe sanarwar. Amma ƙafafuna ba sa cikin ganyen nan, kada ki roƙe su. Ba zan tashi ba, ba zan riƙe igiya ba. Kuma in kin isa gaba, kada ki sa sunan ɗana a bakinki don ki gyara abin. Nawa ne. In akwai godiyar da za a yi a kansa, ni zan yi, ran da na iya."

"To."

"Kuma kada ki tsaya can kina yi mini fuskar makoki. In za ki yi, ki yi yadda kika saba. Abin da ba zan iya jurewa ba shi ne ki gode rabi-rabi saboda ni, in zama ni ce na rage wa Allah."

Ranar Lahadi cocin ya cika fiye da kullum, don mutane suna son ganin yadda za a ƙare. Aikande ta zo da wuri, ta zauna a wurinta, layi na uku. Da aka kira sunan, Goggo ta tashi, Kundaeli a gefenta yana ɗan ɗingishi. Baba ya ja maraƙin zuwa bakin ƙofa. Mu dangi muka tashi. Maƙwabta kuwa suka rabu: waɗansu suka biyo mu, waɗansu suka dubi Aikande suka zauna. Ita ce rakiya mafi ƙaranci da Goggo ta taɓa samu. Ta rausaya duk da haka. Da fasto ya ba ta dama ta ce, "Wannan ɗana ne, an ce ba zai yi tafiya ba, ga shi da ƙafarsa ya zo. Na gode wa Ubangiji." Ba ta ƙara ba. Ta yi guɗa, cikakkiya. Kundaeli ya rufe fuska da hannu. Aikande ba ta tashi ba, ba ta kuma fita ba. Tana zaune tana kallon gaba har aka sa albarka.

Bayan haka Goggo ta yi mako uku tana sauka kwari ita kaɗai. Ba ta aika ba, ba ta leƙa ba. Ta ce ta riga ta roƙi abin da take da ikon roƙa. Baba ya ce an gama, abotar ta mutu, kuma da an ji maganarsa da ba a kai nan ba. Goggo ba ta musa ba. Ta rame ƙwarai a kwanakin, amma da safe ana jin ta tana waƙa a ɗakin saniya.

Wata Alhamis ta makara, ciwon baya ya hana ta tashi da wuri, saniya tana ta kuka. Sai ta ji murya ta bayan shinge.

"Siaeli! Dabbar nan godiya za ta ci? Rana ta yi, ke kina kwance kamar matar fasto."

Goggo ta ce, "Bayana ne."

"Bayanki ya ga rawa ai. Ɗauko laujen, ni ba zan tsaya jiranki ba."

Amma Aikande ta jira. Suka gangara, Aikande a gaba tana faɗa a kan wanda ya sare musu ciyawar bakin rafi, Goggo a baya tana amsawa.