Yadda Aka Yi wa Wayar Gwaggo Canjin Inji

Kano zuwa Legas

Ana idar da sallar asuba na shiga motar Legas, kayana jaka ɗaya da akwatin ashana. A cikin akwatin akwai aisi na wuta, wato 'yar ƙwayar nan da ke raba lantarki a cikin waya, ba ta fi ƙwayar wake ba. Gwaggo Hajara, ƙanwar mahaifina da ke Nima a Accra, ita ta sa a kira ni, don ni ne mai gyaran waya a dangi. Cajar bakin titi ta kashe mata waya, kuma a ciki ne duk saƙonnin muryar mijinta, marigayi Malam Sa'idu, suke. Tun da ya rasu, sai ta saurare su take karya kumallo. Na aika da kashedi cewa kada kowa ya taɓa wayar sai na zo.

Seme zuwa Aflao

Na kwana a tashar Legas, sauro ya yi walima da ni. Washegari muka ratsa Kwatano da Lome. A iyakar Aflao wani jami'i ya buɗe akwatin ashanar.

"Don wannan ka tsallako ƙasa uku?"

"Don shi, ranka ya daɗe."

Sai da ya kira abokan aikinsa suka taya shi dariya kafin ya sallame ni.

Nima

Daga tashar Tudu a Accra na hau trotro, ƙaramar bas ɗin haya, zuwa Nima. Ko ruwa ban sha ba, ɗan Gwaggo, Awudu, ya tare ni yana washe baki. Shi dillalin kayan mota ne a Abossey Okai, kuma a wurinsa duk abin da Allah Ya halitta yana da sifiya, wato madadinsa.

"Chale, ɗan'uwa, ka sha wahala banza! Na gyara shi tun jiya. Mun cire inji, mun sa sabo."

Fanel ɗin gaba ɗaya ya sa aka canja, wato allon da komai na waya yake kai. Na ce masa wayoyin yanzu memorinsu a manne yake da fanel, an kuma kulle shi da ƙwaƙwalwar wayar, ba ya buɗewa a ko'ina sai a gidansa. Ƙwaya ɗaya ce ta ƙone, ga ta na kawo.

"Ei, amma yanzu yana caji sharp sharp!"

"Ina tsohon fanel ɗin?"

"Kondem ne ai. 'Yan bola sun ɗauka."

Wallahi da ba ɗan Gwaggo ba ne, da na canja masa nasa injin.

Old Fadama

Da safe, ko kokon da aka dama mana ban tsaya sha ba, na tasa Awudu gaba zuwa wurin masu sayen ƙarafa. Wani mutumin Tamale ya tambaye mu kalar abin. Awudu ya yi caraf ya ce kore. Mutumin ya zazzage mana buhu, ya nuna wasu buhunan a jibge har rufi. Duk kore ne. Muka tona har la'asar, Awudu yana ta ba ni haƙuri wai ya san wani mai fanel na Jamus, ɗan asali.

Gwaggo ba ta yi faɗa ba da muka koma hannu wofi, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Waakye, wato shinkafa da wake, ta zuba mini, ta ce in ci kada ya huce.

Gida

Na bi ta hanyar da na zo, na iso Kano lafiya, na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni. Na kira Gwaggo in shaida mata. Bugu ɗaya ta ɗauka, murya tangaran.

"Gwaggo, yaya wayar?"

"Yana aiki sosai, ɗana. Kowa ina jin muryarshi, sai mutum ɗaya."