Na Wanke Fuskar Innata da Hannuna

A lokacin ban daɗe da zuwa Alƙahira ba. Maigidana yana karatu, ni kuma ina aikatau a unguwar Mohandessin, a gidan wata 'yar China da tsohon mahaifinta. Ni mace ce mai zargin tsiya, ko fara'a aka yi mini sai na nemi abin da ke ƙarƙashinta.

Tsohon mai zane ne, hannunsa har ya fara rawa. Wata rana ya tarar da ni ina kuka a kicin, na gaya masa da guntun Larabcina cewa Innata ta rasu ba ta bar hoto ba, ga shi fuskarta ta fara ɓace mini. Tun daga ranar ya sa mini ido, ina shara yana ƙare wa goshina kallo. Sai ya baje takardu cike da zanen idanu da hanci da leɓɓa, ya ce in nuna masu kama da na gidanmu. Na nuna don a rabu lafiya, amma raina bai kwanta ba. Da na ba wata maƙwabciyata a unguwarmu ta Faisal labari, ta ce ta ji mutanen China matattu suke zanawa, in yi hattara kada a yi mini asiri.

Rannan ina goge ɗakinsa na ga zanen wata mata zaune a kujera, ta fuskanto ni, goshina sak amma da furfura. Na ce shi ke nan, ni ya zana, kwanana ake so a ƙarar. Ban tsaya dubawa ba na tsoma shi a bokitin ruwa. Launi na narkewa na hango tsagar kumatun nan da na taɓa kwatanta masa. Inna ce.

'Yarsa ta bayyana mini cewa haka masu zanen kakanni ke yi a ƙasarsu tun da can: idan mutum ya rasu ba hoto, dangi su zaɓi kamanni, mai zane ya haɗa fuskar. Tsohon bai yi faɗa ba, ma'alish kawai ya ce, wato ba komai. Ya gwada sakewa, hannun ya ƙi.

Har yau abin yana cina. Jama'a, in kun ga al'adar da ba ku gane ba, ku tambayi mai ita kafin ku yanke hukunci. Ni sau ɗaya aka dawo mini da fuskar uwata, kuma sai da tana narkewa na gane ta.