Kyamarar Baba

Ƙyas! Ƙarar da na ji ke nan daga ƙasan akwatin ƙarfe, ina kwashe kayan sanyi. Hannuna ne ya taɓa maɓallin kyamarar Baba, murfinta ya buɗe, baƙar fatarta mai ninki-ninki ta miƙo kamar zugazugin maƙeri. Ni kaɗai ce a gidan, kamar kullum tun rasuwar maigidana.

Da ita Baba, Allah ya jiƙansa, ya ciyar da mu a unguwar Nuzla, nan ƙasa mai tsarki. A bakin tashar jiragen ruwa yake tsayawa yana ɗaukar alhazai hoto. Ya ɗauki fuskokin mutane ba iyaka, amma shi ba mu da hotonsa ko ɗaya, ga shi fuskarsa ta fara ɓace mini. Sau ɗaya tak, a ciwonsa na ƙarshe, ya zauna a ƙofar ɗaki ya ce in danna. Ina yarinya, na danna. Bayan rasuwarsa mahaifiyarmu ta naɗe kyamarar a zani, ba wanda ya ƙara buɗe ta.

Na tura wa ɗana hotonta a waya, yana aiki a Riyad. Da ƙyar yake samun lokacin kira, amma ran nan take ya kira.

"Umma, kar ki ba kowa. Irin waɗannan gwanjonsu ake yi, masu tara kayan da suna rububinsu. Zan turo wanda ya san kansu."

Na ji kunyar baƙo ya ga ƙura, sai na zauna gogewa. Da na buɗe bayanta na tarar da fim a naɗe. Na tuna ranar da Baba ya ce in danna. Na san irin wanda ake ɗagawa a haske a ga mutane baƙi-baƙi a ciki. Na yi bismilla, na je taga, na warware shi a rana. Babu komai, toka-toka ne daga farko har ƙarshe.

Washegari mutumin ya zo, wani dattijon Balarabe mai shago wajen Bab Makka. Ya haska tocila cikin fatar yana neman huda, ya duba gilashin ko ya yi fumfuna, ya karanta lambar jikinta. Ya ce lafiyarta ƙalau, za a yi takara a kanta. Sai idonsa ya kai kan fim ɗin a gefen tire.

"Ya Hajja, wa ya buɗe wannan?"

"Ni ce. Ai babu komai a ciki."

Ya ce, "Ba a wanke shi ba ne. Wani lokaci ko bayan shekaru masu yawa hoto yakan fito, in haske bai taɓa shi ba. Yanzu kam halas, rana ta cinye shi."

Na ƙara masa shayi. Na ce ba ta sayarwa ba ce, bai ja maganar ba.

Da hutu ɗana ya zo da ƴarsa ƴar shekara biyar. Ta ji muna zancen, ta ɗauko kyamarar ta liƙa ido a ɗan gilashin sama tana neman mutumin da aka ce yana ciki. Ta juya ta nan, ta juya can, ta tsaya a kaina.

"Kaka, ban gan shi ba. Ke kaɗai ce a ciki."