Tayar Taɓo ta Autanmu

Autanmu da sikila aka haife shi, kuma duk gidanmu na unguwar Al-Sih a Madina mun san abokan gabarsa biyu, sanyi da jiƙewa. In ruwa ya doke shi, ranar a asibiti za mu ƙare yana murƙususu. To, duk wasannin duniya bawan Allahn nan bai ga na so ba sai tseren keke cikin taɓo. A Madina fa! Garin da sai ka manta kamannin hadari.

Shi da abokansa suna da fili a wata tsohuwar gonar dabino a bayan gari. Su zagaya, su diro, su saɓa keke a kafaɗa su haye tudu, su sake hawa, kullum a busasshiyar ƙasa. Burinsa ɗaya ne, a yi ruwa su yi tseren a caɓi.

Wata rana abokinsa ya kawo masa tayoyi iri biyu daga garin Yanbu, don ya zaɓi iri guda. Irin waɗanda ake ɗinke tif a cikinsu ne, da gam ake manna su a jikin wili. In ka manna ka manna, ba a sauyawa don an wayi gari sama ta sauya. Ya shigo ɗakina da su.

"Yaya, shufi, duba nan. Wannan haƙoranta ƙanana ne, ta busasshiyar ƙasa ce. Wannan kuwa dogaye ne, da tazara. Taɓo ba ya maƙale mata, da kansa yake zubewa."

Na ce, "Ɗauki ta busasshiyar."

"Lesh? Don me?"

"Don a Madina kake, ba a fadama ba."

Ya san ba wannan ne dalilina ba. Ya yi dariya ya ce, "Halas, shi ke nan, ta taɓon na ɗauka."

Kwana da kwanaki yana shafa gam yana jira ya sha iska, gida ya cika da wari, Umma na faɗa. Da ya gama, bayan ƙofata ya jingine su, wai ɗakina ya fi sanyi, zafi yana kashe gam.

Duk sanda aka yi shelar sallar roƙon ruwa, shi ne a sahun gaba. Nakan tsokane shi, "Mutane na roƙa wa dabino, kai kana roƙon caɓi." Ni kuwa a gida ina kan darduma ina tawa addu'ar, Allah ya ba gonaki ruwa ya tsallake ƙanena. Tsoro nake ji, tsoron da ban taɓa gaya masa ba.

Shekarar yayyafi kawai aka yi, ko ƙura bai kwantar ba. Ta gaba aka sheƙa na kirki, amma yana kwance ana ƙara masa jini. Ta tagar asibiti ya kalla, ya ce, "Ma'alesh, ba komai, na baɗi."

Tsakiyar zafi ya rasu, a kan gadonsa, jikinsa a bushe, ko ɗigo bai taɓa shi ba. Aka kai shi Baƙi'a. Abin da ya fi cin raina, na samu abin da na roƙa, kuma bai hana komai ba.

Da sanyi ya shigo aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Yara suka fito suna ihu, maza suna buɗe kai don albarka. Na sa abaya na ɗauko wili ɗaya daga bayan ƙofa, na fita inda ake gini a ƙarshen layinmu. Na danna tayar cikin taɓo na gara ta. Haƙoran suka cika, suka juyo sama, taɓon ya zube da kansa. Na sake garawa, ya sake zubewa.

Gaskiyarsa ce. Na tsaya riƙe da wilin ina kuka, ruwa na dukana har na jiƙe sharkaf. Ni ko mura ban yi ba.