Zanen da na liƙe a rumbu

Shekarun baya, a farin nan na biyu da gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, na tafka wata wauta da har yau ba ta sake ni ba. Ni ba mai saurin amsa laifi ba ce, 'ya'yana sun sani, amma wannan kam nawa ne.

Muna zaune a wani ƙauye tsakanin Cadawa da Gazawa. Ina da wani zanen saƙi, baƙi mai ratsin fari. Mahaifiyata ce ta kaɗa zarensa da audugar bayan gidanmu, ta kai marina, sannan ta ba masaƙi. Ba na ɗaurawa ba ne. Duk jaririn da aka haifa a gidanmu, ranar suna da shi ake goya shi a zaga tsakar gida, sannan a ninke a mayar cikin adudu. Da shi aka goya ni, da shi aka goya 'ya'yana.

Da yunwa ta matsa, mutane suka fara fid da kayan kakanni. 'Yan kasuwa na zuwa suna kwashe akussa da tsofaffin takubba, su ba mutum hatsin da ba zai kai shi Juma'a ba. Sai wasu a cikin gari suka haɗa kai, malaman lakol, wato makarantar boko, da wani tsohon tela da wata ungozoma, suka ce su 'yan sa-kai ne masu taimaka wa gidan tarihi. Ba mai biyan su. Aka ara musu ɗaki guda, suka riƙa bin ƙauyuka a amalanke suna roƙon kada a sayar, a ba su ajiya, su rubuta sunan mai kaya da garinsu. In Allah ya kawo sauƙi, mai so ya karɓi abinsa, mai so ya bar wa gidan tarihi.

Ungozomar ce ta shigo wurina, don maƙwabciyata ta tsegunta mata zancen zanen. Ta zauna bakin tabarma ta yi ta bayani. Na tambaye ta ko mutane za su riƙa ganin sa, ta ce ai don a gani ake ajiyewa. Nan na ɗaure fuska. A wurinmu kayan adudun mace ba su ƙetare ƙofar gida sai gidan ya watse. Wadda aka ga an fito da nata, kowa ya san ta kai ƙarshe.

Na ce, "Inna, mu ba mu kai nan ba tukuna. Zanen uwata ba zai zauna ɗakin da maza ke shiga da takalmi ba."

Ta ce, "Ɗiyata, ba yunwarki na zo gani ba. In za ku tashi, kada ki bar shi baya."

Maƙwabciyata kuwa ta ba su akushin kakanta. Na yi mata dariya a bakin rijiya, na ce saura ta kai musu turmi da muciya.

Ba a yi wata guda ba muka tashi, muka nufi kudu, tsallaken iyaka. Maigida ya ce in ɗauki zanen, na ce hanya da ɓarayi. Gaskiyar ita ce kaina nake tsoro. Na san in yaran nan suka yi kwana biyu suna kuka, zan sayar. Sai na sa adudun cikin rumbunmu na laka, wanda ko ƙwayar gero babu a ciki, na rufe baki na liƙe da taɓo kamar yadda muke wa iri. Muka ce wata huɗu za mu yi. Muka yi shekara biyu.

Ranar da muka dawo, rumbu na nan tsaye, liƙin ko tsagewa bai yi ba. Har na fara yi wa maigida fankama, ina cewa ya ga dabarar mata. Da na fasa na zura hannu, sai ƙasa mai sanyi. Gara ta shigo ta gindi, ta cinye adudu, ta cinye zane, ta yi gininta a wurin. Na kafa wa maigida sharaɗi, muka ce wa mutane sace shi aka yi. Shekaru muna wannan ƙaryar.

Can baya maƙwabciyata ta ja ni cikin gari, wai in raka ta gaida akushinta. Ga shi nan a kan katako, an shafe shi da mai, da 'yar takarda a gefe. Ba ta iya karatu ba, amma ta nuna mini inda sunan kakanta yake. Ungozomar na zaune bakin ƙofa, ta tsufa tukuf. Ita ban iya yi mata ƙarya ba. Na faɗa mata gara ce ta cinye zanen. Cewa ta yi yanzu suna da masaƙi a cikinsu mai sake saƙa irin na dā, in kwatanta masa nawa.

Aka kira shi. Ya tambaye ni ratsin farin bibbiyu ne ko uku-uku, bakin zanen kuma fari ne ko baƙi. Ni da ke jero kakannin kowane gida a ƙauyenmu ba tuntuɓe, na kasa. Na sha ninke zanen nan, ashe ban taɓa tsayawa na dube shi ba.

Yau in na ji an ce masu bin kayan dā ba su da aikin yi, nakan ce a bari, sun ga abin da ni ban gani ba. Kunya na ji a san muna yunwa, alhali ƙasar duka yunwa take. Masaƙin ya saƙa mini wani, mai ratsi uku-uku, don shi na zaɓa a ƙarshe. Da shi ake goya jikokina. Duk ranar suna in aka fito da shi, mata suna guɗa, ni kuwa ina gefe ina ƙirga ratsin, ban san ko daidai ne ba.